Godiya ba ta kwana: amsa ga wata mai jinya a Riyad

Wata 'yar'uwa ta aiko mana da wannan tambaya:

"Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Arewacin Najeriya, shekarata 3 ke nan a wani asibiti a Riyad. Dutin awa 12 nake yi, wani lokaci dare huɗu a jere. Idan aiki ya taso ko Littafi Mai Tsarki ba na buɗewa, in na durƙusa addu'a barci ke kwashe ni. Kullum ina ce wa kaina idan na samu hutu zan rama. Hutun ya zo, sai in ƙare a waya da wanki da barci. In kuma gida na je, 'yan'uwa da bukukuwa su cinye kwanakin. Na yi shekaru ina roƙon Allah wannan aiki, ya ba ni, ga shi yanzu bakina ya fi saurin ƙorafi. Lahadi ma ranar aiki ce a nan. Ji nake kamar ina cikin kutare taran nan da ba su dawo ba. Yaya zan yi?"

'Yar'uwa, salama. Kutaren nan tara na Luka 17, waɗanda Yesu ya warkar, ba su waiwayo don yi masa godiya ba ko sau ɗaya, ke kuwa ga ki kin tsaya kina tambayar hanyar komawa. Ki sauke wannan nauyin tukuna. Amma akwai kalma ɗaya a wasiƙarki da muke so ki duba da kyau, wato "zan rama". A nan matsalar take. Kin mayar da godiya tamkar bashin da ake tarawa a biya a dunƙule ƙarshen shekara, ita kuwa ba ta taruwa haka.

Ki buɗe Littafin Firistoci 7:15-16. An yi wa Isra'ilawa ƙa'ida a kan naman hadaya. Idan hadayar wa'adi ce ko ta yardar rai, ana iya cin ragowar naman washegari. Idan ta godiya ce, a ranar da aka miƙa ta za a cinye, ba a barin kome ya kai safiya. Mu yanzu ba ma yanka dabba, Ibraniyawa 13:15 ta ce hadayarmu ita ce yabon da ke fita daga leɓunanmu, amma hikimar tana nan. Alherin da Allah ya yi miki ranar Talata, in kin ce sai watan hutu za ki gode, kafin lokacin kin manta kamanninsa. Abin da zai rage sai "na gode don kome da kome", wadda ba ta motsa zuciyar mai faɗinta. Fitowa 34:21 kuma ta umarci manomi ya huta rana ta bakwai ko da lokacin huɗa ne ko girbi, wato lokacin da ya fi kowane ƙarancin sarari. Allah ya san da lokacin matsi, bai kuwa ce a jira shi ya wuce ba.

Kafin mu shiga yadda za ki yi, mu raba gajiya da zunubi, domin kin haɗa su wuri guda. Wadda ta tsaya da ƙafafunta daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, ta shiga bas, ta iso ɗaki mai sanyi, ta durƙusa ta rufe ido, dole ta yi barci. Jiki magayi ne. Baligi yana bukatar barcin aƙalla awa 7 a yini, mai aikin dare kuwa da wuya ta samu haka, domin barcin rana gajere ne kuma mai yankewa. Lokacin da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abin da mala'ika ya fara kawo masa abinci ne da ruwa, ya ci ya sake kwanciya, sai daga baya aka yi maganar aiki. Saboda haka ki kula da barcinki kamar yadda kike kula da maganin mara lafiya. Ki sa labule mai kauri da ba ya shigar da haske, ki sa baƙin tabarau a bas idan kin tashi dutin dare domin hasken safiya yana farkar da ƙwaƙwalwa, ki daina shan gahawa ko shayi mai ƙarfi kamar awa 6 kafin lokacin kwanciyarki. Mai tashi ƙarfe bakwai ta kwanta tara, kofinta na ƙarshe kada ya wuce ƙarfe uku na dare. Zabura 127:2 ta kira barci kyautar Allah ga ƙaunatattunsa. Karɓar kyauta hannu biyu ma godiya ce.

Gyara na farko shi ne ki ɗauke lokacin addu'arki daga bayan duti ki mayar da shi gaban duti. Yawancin masu irin aikinki suna faɗuwa a nan ne, suna ba Allah ragowar ƙarfinsu, sa'an nan su zargi kansu. Minti 10 sun isa, a zaune kan kujera, fitila a kunne, kina karantawa da murya ko da ƙasa-ƙasa ce, domin bakin da ke motsi ba ya barin barci ya saci mutum. Zabura ɗaya, addu'a gajeruwa, ki tashi. Kada ki ɗaukar wa kanki shirin karance Littafi Mai Tsarki cikin shekara a irin wannan mako. Shirin yana bukatar sura 3 ko 4 kullum, in kin tsallake kwana huɗu bashi ya kai sura 15, daga nan kunya ta sa ki rufe littafin gaba ɗaya. Bayan duti kuwa jimla ɗaya ta wadatar: Ubangiji, na gode ka fitar da ni lafiya, ka riƙe waɗanda na bari a gado. Ki kwanta.

A cikin dutin kansa, godiya tana bukatar turke, abin da za a ɗaure ta a jiki wanda ba ya gusawa ko aiki ya yi yawa. Daniyel ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba tasa ba, cikin mutanen da addininsu daban, da manyan ayyuka a kansa, amma Daniyel 6:10 ta ce sau uku a rana yake durƙusawa yana addu'a yana godiya, kamar yadda ya saba. Sabon ne ya riƙe shi ranar da abin ya yi tsanani. Ke ma kina da turaku a shirye. Kina zaune a garin da ake kiran salla sau biyar a yini, ba mai kuskuren jin sa. Abokan aikinki Musulmi suna tashi su yi ibadarsu. Ki zaɓi biyu ko uku daga waɗannan lokuta, ki mai da su ƙararrawarki: da kin ji, ki ambaci abu ɗaya da Allah ya yi tun daga kiran da ya wuce, a zuci, ba tare da kin tsayar da aiki ba. Ga kuma wankin hannu. Kin san ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daƙiƙa 40 zuwa 60 da sabulu da ruwa, 20 zuwa 30 da man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta. Zabura 117 aya biyu ce kacal, tana shiga cikin wankin hannu ɗaya har da saura. Zabura 134 aya uku ce, an kuwa rubuta ta domin bayin Ubangiji masu tsayuwar dare, kamar ke aka yi wa ita. Ki haddace su biyun. Ba kowane wankin hannu ba, na farkon duti da na ƙarshe sun isa.

Gargaɗi ɗaya a nan, muna kuma yin sa da gaske. Lokacin lissafin magani, ko duba jini kafin ƙarin jini, ko miƙa aiki ga mai karɓarki, hankalinki duka na mara lafiya ne. Kada ki raba shi da sunan ibada. Kolosiyawa 3:17 ta haɗa yin kowane abu cikin sunan Ubangiji Yesu da yi wa Allah Uba godiya a jimla ɗaya, aya ta 23 kuma ta ce a yi aiki da zuciya ɗaya kamar Ubangiji ake yi wa. Allurar da aka auna daidai, da tsohon da aka juya a kan lokaci don kada bayansa ya yi gyambo, suna cikin godiyar. Kin roƙi aikin nan, hanyar farko ta yaba shi ita ce yin sa da kyau.

Sai maganar abin da za ki faɗa. Godiya tana mutuwa idan ba ta da suna. Ki ajiye ƙaramin littafi kusa da gado, layi uku a rana, da kwanan wata: jijiyar yaron nan ta samu a gwaji na farko, Mama ta ce ƙafarta ta yi sauƙi, an sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba tare da jinkiri ba. Kada ki rubuta sunan mara lafiya ko lambar gadonsa, sirrinsa amana ce. Ranar da kika kasa, ki bar shafin fari ki wuce, kada ki koma cike gurbi. Amfanin littafin zai bayyana a watan da kome ya yi duhu, sa'ad da zuciya za ta ce Allah bai yi kome ba, takarda kuma ta ƙaryata ta da rubutun hannunki.

Kin ce bakinki ya fi saurin ƙorafi. A nan sai an tantance. Akwai gunaguni, wato maimaita ɓacin rai ga wanda ba zai iya gyara kome ba, a ɗakin shan shayi ko a rukunin WhatsApp, har ya zama gaisuwa. Wannan yana cin godiya kamar gara. Akwai kuma kuka ga Allah, wanda Zabura ta cika da shi, da neman haƙƙi a inda ya dace. Waɗannan biyun ba su saɓa wa godiya ba. A Ayyukan Manzanni 16, Bulus da Sila sun yi waƙar yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi, gari na wayewa kuma Bulus ya ce an doke su ba bisa doka ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su. Idan kwantiraginki yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta Saudiyya, ƙa'idar asali ita ce awa 48 a mako, abin da ya haura ana biyan sa da ƙarin rabin albashin asali na awa, akwai hutun mako na awa 24 a jere, hutun shekara kuma ba ya gaza kwana 21, yana kaiwa 30 bayan shekara 5 a wurin mai aiki ɗaya. Asibitoci suna da nasu tsarin duti, don haka ki ɗauko kwantiragin ki karanta abin da kika sa wa hannu. In ana tauye ki, ki rubuta wa shugabar sashe cikin ladabi, da ranaku da awanni. Yin shiru a kan zalunci da sunan "ai mun gode Allah" yakan koma ɗaci a ciki, ɗacin kuma shi ke fitowa a matsayin gunagunin da kike kuka da shi.

Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici. Yawancin alherin Allah ta hannun mutane yake zuwa, saboda haka wani kaso na godiyarki nasu ne. 'Yar Filifin ɗin da ta karɓar miki duti, mai sharar da ya goge ɗakin da jini ya zuba, direban bas, likitan da ya saurare ki. Mutum ɗaya a kowane duti, ki kira sunansa ki faɗi abin da ya yi. A wannan ƙasa ma ita ce shaidar da ta fi dacewa da ke. Kin sani ba majami'a a Saudiyya, ba a yarda da sujadar wani addini a fili ba, wa'azi ga Musulmi kuma laifi ne a doka. Ibadarki ta cikin ɗakinki ce. Kada ki raba takardun bishara, kada ki yi wa mara lafiya wa'azi a gado, kada ki ɗora hoton wani taron addu'a a intanet, domin ba kanki kaɗai za ki jefa cikin matsala ba. Irmiya 29:7 ta ce wa waɗanda aka kai baƙuwar ƙasa su nemi zaman lafiyar birnin su yi masa addu'a. Ki sa Riyad da marasa lafiyarta cikin addu'arki.

Batun Lahadi ba ya bukatar dogon bayani. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar fara aiki. Romawa 14:5-6 ta ce mai kiyaye rana saboda Ubangiji yake kiyaye ta. Ki keɓe ɗaya daga ranakun hutunki ta zama ranar sujadarki. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa 2, sujadar ƙarfe tara a gida ƙarfe sha ɗaya ce a wurinki. In ikilisiyarku tana watsawa, kina iya kallo daga baya. Amma ki yi shi kamar sujada: ki yi wanka, ki zauna, ki buɗe littafin waƙoƙi ki rera tare da su. Wa'azin da ake ji ana yanka albasa ba ya zama. Ki kuma nemi mutum ɗaya, ko daga zumuntar mata ta gida ko wata mai bi a masaukinku, da za ku riƙa gaya wa juna abu ɗaya na godiya kowane mako.

Yanzu ga hutu, wanda a ganinmu ya fi lokacin aiki haɗari, ko da yake mutane ba sa ɗaukarsa haka. Gargaɗin Maimaitawar Shari'a 8:10-14 ba na lokacin yunwa ba ne. Cewa aka yi sa'ad da kuka ci kuka ƙoshi, kuka gina gidaje masu kyau, azurfa da zinariya suka ƙaru, ku yi hankali kada ku manta. A cikin matsi mutum yakan kira Allah ko da "wayyo" ne. A cikin sauƙi ba abin da ke tura shi. Dalilin da ranar hutunki take narkewa shi ne turakun nan duka na wurin aiki ne, ranar hutu ba bas, ba wankin hannu, ba ƙarfe bakwai. Ranar da ba ta da siffa kuwa waya ce ke ba ta siffa.

Idan kina da kwana biyu a jere, na farko na jiki ne. Ki yi barci, ki yi wanki, ki dafa abincin mako, kada ki ji laifi ko kaɗan. Yesu da kansa ya ce wa almajiransa su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, a Markus 6:31, domin masu zuwa da tafiya sun yi yawa har ba su da zarafin cin abinci. Na biyu shi ne na sujada. Daren da ya gabace shi ki bar wayar a caji nesa da gado, da safe kada ki taɓa ta sai kin gama. Awa ɗaya: ki karanta layukan da kika rubuta a makon, ki yi godiya a kansu ɗaya bayan ɗaya, ki karanta Zabura 103 ko 92, wadda rubutun da ke samanta ya nuna waƙa ce ta ranar Asabar, sa'an nan sura biyu ko uku a jere daga littafi ɗaya. Karatu mai tsawo nan ne wurinsa. In kwana ɗaya kawai kike da shi, ki yi barcin da safe, awar sujada ta koma bayan la'asar.

Hutun shekara a gida sai an shirya shi tun daga Riyad, in ba haka ba wasu za su shirya miki. Kwana biyu ko uku na farko kada ki sanar da kowa sai na cikin gida, ki huta. Ki zaɓi Lahadin da za ki yi godiya a ikilisiya tun kafin ki sayi tikiti, ki gaya wa fasto, ta kasance Lahadi ta farko ko ta biyu, domin ta ƙarshe kullum haɗa kaya da sallama ke cinye ta. Kuɗin baiko da zakka ki ware su wata-wata ranar da albashi ya shigo, kamar yadda 1 Korantiyawa 16:2 ta koyar da ajiyewa a kai a kai gwargwadon samu. Wadda ta bari sai ta sauka, za ta tarar kuɗin makaranta da asibiti da tsaraba sun riga ta. Ki rubuta adadin da za ki iya taimaka wa dangi da shi, in ya ƙare ki ce ya ƙare, 2 Korantiyawa 9:7 ta hana bayarwa ta dole ko da ɓacin rai.

Abin da ya fi lalata godiyar 'yan ƙasar waje shi ne ta koma nuni. Anko, rumfa, mai ɗaukar bidiyo, ambulan da ake ɗagawa sama, wani lokaci har da bashi, don kada a ce ta je Saudiyya ba ta samo kome ba. Rawa zuwa gaban bagade da iyali abu ne mai kyau, shaida kuma tana ƙarfafa masu ji. Ma'aunin shi ne, bayan an tashi, sunan wa ya rage a bakin mutane. Ki taƙaita shaidarki ga abubuwa biyu ko uku daga littafinki, ki bar adadin kuɗin tsakaninki da Allah bisa Matiyu 6:3-4. Sa'an nan ki ware yini biyu na ziyara da ƙafarki: malamar da ta koya miki aikin jinya, wanda ya ranta miki kuɗin jarrabawa ko na biza, tsohuwar da ta yi ta yi miki addu'a a zumunta, wadda take riƙe miki yara ko iyaye. Waɗannan sun fi bukatar ganin fuskarki a kan turmin atamfa.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a rufe shi da maganar ibada ba. Idan kin kai mako biyu ko fiye kusan kullum zuciyarki a karye, abin da kike jin daɗinsa ya daina yi miki daɗi, barci ko ci ya rikice ko a ranar hutu, ko kin fara jin marasa lafiya sun zame miki kaya, wannan ya wuce sanyin ruhaniya. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san alamun ciwon damuwa da ƙonewar gajiya a jikin wasu. Ki ga likita, ki kuma gaya wa wani mai bi da kika amince da shi.

Kada ki ɗauki duk abin da muka faɗa a mako ɗaya, zai zama wani sabon bashin. Idan jadawalin duti na wata mai zuwa ya fito, ki zauna da biro ki zagaye ranakun hutu huɗu da za su zama na sujada. Mako biyu na farko ki riƙe minti 10 na gaban duti da Zabura 134 kawai. Littafin layi uku ya shigo a mako na uku, ranar godiya a gida kuma ki sa ta a takardar neman hutu tun yanzu. Muna yi miki addu'a, ki gaishe da 'yan'uwa da ke tare da ke.